Ɗan Ƙasa A Baƙon Wuri: Wa Zai Tsaya Masa?



Sa'ad da aka ɗora mana nauyin yin magana a kan irin taimakon da ya wajaba gwamnati ta yi wa ɗan ƙasarta in yana ƙasar waje, wani abokinmu ya yi dariya, ya ce wannan ai zancen masu hawa jirgin sama ne, ina ruwan ɗalibin da ke neman kuɗin mota daga Samaru zuwa Kwangila? Ba mu yi masa musu ba. Sai muka ce to, ga mu nan a ɗaki, kowa ya faɗi nasa da ke ƙetare. Na farko ya ce wansa na karatun likita a Alƙahira. Na biyu ya ce gwaggonsa ta tafi Umra shekara bakwai ke nan, har yau tana Jidda tana aikatau. Na uku yana da kawu a Kumasi, can aka haifi 'ya'yansa duka. Shi mai dariyar kuwa, da zance ya zo kansa sai ya yi shiru, can ya ce ƙanensa ya bi motar Agadas da nufin Libiya, rabonsu da jin muryarsa tun azumin bara. Daga nan babu wanda ya sake cewa zancen masu jirgi ne.

In an duba ma, wurin nan da mu ke zaune ba shi ne za a koya wa ma'anar baƙunci ba. Samaru tana cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari, shi kuwa Sabon Gari domin baƙi aka kafa shi, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya wajajen 1911, Turawa suka ware wa ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa mutanen Kudu wuri a bayan ganuwa. Jami'ar nan kuma tun da aka buɗe ta a 1962 ba ta rabu da malamai da ɗalibai na ƙasashe dabam dabam ba. Saboda haka mun san baƙo, mun ga yadda ya ke zama a cikinmu. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, da zarar mun haye Jibiya ko Maigatari, mu ne baƙin.

To, bari mu fara da abin da muka gada, domin kada wani ya zaci Bature ne ya ƙago tsayawa wa matafiyi. Tun kafin a ja layi a kan taswira a ce nan Nijeriya nan Gana, kakanninmu fatake suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga Salaga. Tafiya ce ta wata da watanni, ta ratsa ƙasashen sarakuna da yawa waɗanda ba su jin Hausa. Ayari ba ya tashi sai da madugu, shi ne ke cinikin kuɗin fito da sarakunan hanya, shi ke amsa ƙara in wani ɗan ayari ya yi ɓarna a garin mutane. In an sauka zango kuma, akwai maigida, watau fatoma. Shi ke ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa lamuni. In baƙon ya kwanta ciwo, a gidansa zai yi jinya. In ya rasu, shi zai sa a yi masa sutura, ya killace dukiyarsa har magada su zo ko a sami amintaccen da za a aika da ita. Bisa masu gidaje kuma akwai Sarkin Zango, wanda sarkin ƙasa ya sani, in Bahaushe ya shiga hannu shi a ke kira. Haka abin ya ke a Kumasi, haka a Sabon Zangon Ankara, haka a Sabon Ibadan da aka kafa a 1916, wanda wani masani mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1969. Duk wanda ya karanta ayyukan da dokar duniya ta ɗora wa ƙaramin jakada a yau, zai ga kusan babu wanda fatoma bai riga ya yi ba.

Amma fa wannan tsari yana da rauni guda babba. Sarkin Zango ba shi da ƙasa a bayansa. Ƙarfinsa duka yardar mai gari ce, ranar da mai gari ya juya baya, shi ma sai ya ɗaure kayansa. An ga haka ƙiri ƙiri a Gana. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Waɗanda abin ya fi shafa 'yan Nijeriya ne, Yarabawa da Hausawa, fiye da dubu ɗari. Da yawa daga cikinsu a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu, ba su taɓa ganin Kano ko Katsinan da su ke ambato ba, kuma ba su taɓa riƙe fasfo ba, domin kakansu da ya je da jaki ba a tambaye shi fasfo ba. Aka yi gwanjon gidaje da rumfuna a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Jama'a suka yi cincirindo a ofishin wakilin Nijeriya a Ankara suna neman takarda, alhali a sa'an nan ƙasarmu tana cikin yaƙin basasa, hankalin gwamnati yana wani wuri.

Ba za mu ba da wannan labari mu yi shiru a kan namu ba. A ranar 17 ga Janairu 1983, lokacin mulkin Alhaji Shehu Shagari, Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka tashi, rabinsu mutanen Gana. Wani abin tausayi shi ne, ita Ganar ta rufe iyakokinta tun 'yan watanni kafin nan, sai mutane suka taru a kan iyakar Binin da Togo da kuma tashar jiragen ruwa ta Apapa, ba gaba ba baya, waɗansu suka mutu a nan. Iyayenmu suna ba mu labarin malaman Gana da suka koya musu lissafi da Turanci a sakandare. Jakar nan mai ratsi ratsi da a ke sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wadda kowannenmu ya zubo kayansa a ciki ya zo makaranta, daga wannan kora ta samo sunanta. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake yin irin wannan kora. Mun kawo wannan ne domin ƙasar da ke son a mutunta ɗanta a waje, ana duba yadda ta ke yi da 'ya'yan wasu a gida.

Har ila yau, akwai abu biyu da suka faru kusa da mu ƙwarai. A Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka kai shi aka ajiye a ƙasar Cadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ba a da ikon korarsa, sa'an nan aka bar shi ya zauna a gidansa. A 1988 kuma aka sace Dokta Patrick Wilmot, malami a wannan jami'a tamu, haifaffen Jamaika, aka sa shi a jirgi sai London, bayan ya shekara goma sha takwas yana koyarwa a Samaru. Idan shugaban majalisa da malamin jami'a za a iya yi musu haka, to, ina ga mai yankan farce a Jidda?

Yanzu sai mu zo ga doka. Da yawanmu muna haɗa jakada da ƙaramin jakada, alhali aikinsu dabam. Jakada wakilin gwamnati ne a gaban gwamnati, zamansa a babban birni, hulɗarsa da ministoci. Ƙaramin jakada, wanda Larabawa ke kira ƙunsul, shi ne na talakawa. Shi ya sa a Saudiyya ofishin jakadancinmu ke Riyad, ƙaramin ofishi kuwa ke Jidda, inda jama'armu suka fi yawa. Inda babu ƙaramin ofishi na daban, a cikin babban a ke ware sashen da ke wannan aiki. A ranar 24 ga Afrilu 1963 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Viyana wadda ta tsara aikin, ta fara aiki a 1967, Nijeriya kuma tana cikinta. Sashe na 5 ya jera ayyukan: ba da fasfo da takardun tafiya, taimakon 'yan ƙasa, shaida takardu, kula da dukiyar wanda ya rasu, kula da marayu da waɗanda ba su iya tsaya wa kansu. Sashe na 37 ya ce in ɗan wata ƙasa ya rasu, a sanar da ofishin ƙasarsa.

Wanda mu ke roƙon kowa ya haddace shi ne sashe na 36. Abin da ya ƙunsa shi ne, in an kama ka a ƙasar waje, wajibi ne waɗanda suka kama ka su gaya maka cewa kana da damar a sanar da ofishin ƙasarka, kuma in ka nemi haka, su sanar ba tare da jinkiri ba. Jami'in ofishin yana da ikon ya ziyarce ka a inda a ke tsare da kai, ya yi magana da kai, ya taimaka a samo maka lauya. A lura da kalmar nan, in ka nema. Ɗan sandan da ya kama ka ba lalle ba ne ya tuna maka, kai kuwa in ba ka sani ba sai ka shekara a ɗaki ba wanda ya san inda ka ke. Mutanenmu da yawa ma tsoron ofishin jakadanci su ke yi, suna zaton in sun je za a miƙa su ga hukuma. Waɗansu kuma, a kan shawarar dillalai, sukan yayyaga fasfonsu su ce su 'yan wata ƙasa ce, don kada a komo da su gida. Ranar da wuya ta kai wuya, sai a rasa abin da za a nuna a ce namu ne.

Kada kuma mu ɗora wa jami'in abin da ba ya iyawa. Ba ya iya buɗe ƙofar kurkuku, ba ya iya soke hukuncin alƙali, ba ya iya hana a yi maka shari'a da dokar ƙasar da ka shiga. A Janairun 2007 aka rataye wani saurayi ɗan Nijeriya mai shekara 21 a Singafo saboda an same shi da hodar maye, duk da cewa Shugaba Obasanjo da kansa ya rubuta takardar roƙo. Wanda fasfonsa ya ɓace, abin da za a ba shi takardar tafiya ta gaggawa ce, ita kuwa hanya ɗaya ta sani, hanyar gida. Wanda ya san iyakar nan tun daga Zariya, ba zai karɓi ƙullin wani a filin jirgi ba don an ce masa yaji ne da kuka.

Ƙasar da ta fi shafarmu mu mutanen Arewa ita ce Saudiyya, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Tun zamanin Sardauna aka gane alhazai na bukatar mai tsaya musu, har aka tura Malam Abubakar Gumi Jidda a ƙarshen shekarun 1950 ya zama jami'in alhazai. A 1975 aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 2006 aka sake mata doka da fasali. Gaskiya alhajin da ya bi ta hannun hukuma yana da gata gwargwado: akwai jami'ai, akwai likitoci, akwai wanda zai neme shi in ya ɓata a Mina. Duk da haka a Satumban 2012 hukumomin Saudiyya suka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya wajen dubu a filayen jirgin Jidda da Madina, suka ce ba su da muharrami, aka komo da da yawa daga cikinsu. Sai da aka dakatar da jigila, aka naɗa tawaga a ƙarƙashin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, kafin a warware. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi jirgi ya tashi da su tun farko ba a daidaita wannan ƙa'ida da masu ƙasa ba?

Sa'an nan ga labarin da ya kamata ya tsaya wa kowane ɗalibi a rai. A watan Disamba 2018 wata ɗalibar jami'a daga Kano ta tafi Umra tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Tana masaukinta a Madina aka zo aka kama ta, aka ce an sami ƙwayar Tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Hukuncin wannan laifi a can kisa ne, kuma a farkon Afrilun 2019, tana tsare, aka zartar da shi a kan wata mace 'yar Nijeriya. Abin da ya cece ta shi ne mahaifinta bai zauna ba, ya kai ƙara, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta bincika, ta gano waɗansu ma'aikata ne a filin jirgin sama na Kano su ke liƙa sunayen matafiya a jikin jakunkunan da ba nasu ba. 'Yan'uwanta ɗalibai suka fito kan titi, jaridu suka ɗauka, Shugaban Ƙasa ya ba da umurni, a ranar 30 ga Afrilu 2019 aka sake ta bayan wata huɗu. Mu lura da abu biyu. Hujjar da jami'anmu na Jidda suka riƙa a hannu daga gida ta fito, domin jami'in da ba a aika masa da hujja ba roƙo kawai zai yi. Na biyu, yarinyar nan tana da uba mai ilmi, tana da abokan karatu masu murya. To, wadda aka ɗauko daga ƙauye, ba ta iya rubuta sunanta ba balle ta gane an liƙa shi a jakar wani, ita wa zai fito kan titi dominta?

Irin waɗannan su ne mafi yawa. Su ne waɗanda a ke kira 'yan takari: wanda ya shiga da bizar Umra ya zarce, wadda dillali ya kai aikatau, uwar ɗakinta ta karɓe fasfonta ta kulle, yaron da aka haifa a Makka ba shi da igama ba shi da takardar haihuwa ta kowace ƙasa. In aka yi kame sai a tara su a gidan tarhil na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, su jira jami'in ƙasarsu ya zo ya shaida su ya ba su takardar komawa. Kowace unguwa a Zariya tana da wadda ta komo ta wannan hanya da kayan jikinta kaɗai. Akwai masu cewa ai su suka jawo wa kansu. Mu dai ba mu ce sun yi daidai ba. Amma tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 14, ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne maƙasudin kafa gwamnati, sashe na 41 kuma ya hana a ƙi ɗan ƙasa shiga ƙasarsa. Ba mu ga inda aka keɓe wanda bizarsa ta ƙare ba.

Gwaji mafi girma da muka gani da idonmu shi ne na Sudan. A ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan gwamnati na Janar Burhan da rundunar Janar Hamdan Dagalo. Akwai dubban ɗalibanmu a can, mafi yawansu 'yan Arewa, waɗansu gwamnatocin jihohi suka tura su karatun likita, waɗansu iyaye suka kai su don gudun yajin aikin malamai da mu muka sha a nan. Filin jirgin sama ya zama fagen fama, ba tashi ba sauka. Ɗalibai suka taru a harabar Jami'ar Afirka, ruwa ya yanke, abinci ya ƙare, suna aiko da hotuna ta waya iyaye suna kuka a gida. Gwamnati ta ce ta ware dala miliyan 1.2 don hayar motocin safa 40, aka fara tashi ranar 26 ga Afrilu, kwana goma sha ɗaya da fara harbi, bayan ƙasashe da yawa sun riga sun kwashe nasu. Tafiyar kusan kilomita dubu ce cikin hamada zuwa iyakar Masar. A hanya waɗansu direbobi suka tsaya suka ce ba su ƙara gaba sai an biya su. Da aka isa iyaka kuma Masar ta ƙi buɗewa, yaran suka kwana da kwanaki a fili, sai da shugabannin ƙasashen biyu suka yi magana. Jiragen farko sun sauka Abuja daga Aswan ranar 3 ga Mayu da mutum 376, waɗansu aka bi da su ta Port Sudan, zuwa tsakiyar watan an kwaso fiye da 2,500.

Mun yaba, domin an kawo su gida, kuma jami'an da suka tsaya a cikin wutar nan sun cancanci godiya. Amma akwai darasi mai ɗaci. A kwanakin farko lissafin da a ke bayarwa ya yi ta sauyawa, ana cewa wajen 5,500 za a kwaso, daga baya aka ga adadin bai kai haka ba. Wanda bai san yawan mutanensa ba, yaya zai san yawan motar da zai ɗauka? Laifin nan rabi na hukuma ne da ba ta riƙe rajista mai kyau ba, rabi na matafiya ne da ba su zuwa su rubuta sunansu sai ranar da fasfo ya ƙare. Ga shi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma waɗanda motocin nan ba dominsu suka zo ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wanda har yau a ke kira da sunansa. Bayansu alhazan ƙasa suka yi ta bi, waɗanda guzurinsu ya ƙare suka tsaya noman auduga a Jazira, suka hayayyafa. Jikokinsu Hausa su ke yi kamar mu, amma 'yan Sudan ne. A 2022 aka yi rikici a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe ɗaruruwan mutane, Hausawa da yawa a ciki, a kan ana ce musu baƙi marasa ƙasa bayan shekara fiye da ɗari. A dokar Viyana jami'inmu ba shi da bakin magana a kansu, domin doka fasfo ta sani, ba ta san harshe ba. Wannan ita ce matsalar mutanen zangon Gana ta 1969 ta sake dawowa da wata riga.

Ba kullum ne gwamnatinmu ke jan ƙafa ba. A ƙarshen 1975 da farkon 1976, da zaluncin Macias Nguema ya tsananta a kan leburorin Nijeriya masu aikin koko a tsibirin Fanando Po, gwamnatin Janar Murtala ta aika da jiragen ruwa da na sama ta kwaso dubbai. Watau in an so ana iyawa. Shi ya sa abin ke ba mu kunya in muka tuna cewa a Satumban 2019, da aka far wa baƙi a Afirka ta Kudu, kamfanin Air Peace na ɗan kasuwa ne ya kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya kyauta, kuma waɗanda aka komo da su daga gidajen tsaro na Libiya tun 2017, yawancinsu hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta yi ɗawainiyarsu. An kafa hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare da dokar 2017, wannan ci gaba ne. Amma a Satumban 2023 aka kira jakadunmu duka gida, shekara biyu cur suka wuce ba a naɗa waɗansu ba. A lokacin ofisoshin suna nan a buɗe, ƙananan jami'ai suna riƙe da su, sai dai kowa ya san akwai ƙofar da ba ta buɗuwa sai ga mai riƙe da takardar shugaban ƙasa.

Saboda haka ga abin da mu ke nema, kuma muna so shugabannin ƙungiya su sa shi a takarda su kai wa wakilanmu na Majalisar Tarayya. A riƙa gaya wa Majalisa kowace shekara yawan 'yan Nijeriya da ke tsare a kowace ƙasa, da yawan waɗanda aka ziyarta. A tabbata ofisoshinmu na Jidda da Alƙahira da Yamai da Ankara suna da isassun jami'ai masu jin Hausa da harshen ƙasar, domin tsohuwar da ba ta jin Turanci ba za ta iya bayyana zaluncin da aka yi mata a cikin fom ba. A ware kuɗin ɗaukar lauya don wanda ke fuskantar hukuncin kisa. Sa'an nan a daina raina sarakunan Hausawa na zanguna. Su ne ke fara jin an kama wane, su ne ke bin gawa asibiti, sun san kowa da gidansu. Jami'in da ya haɗa kai da su ya sami rajistar da ba zai iya haɗawa da kansa ba, su kuma sun sami ƙasa a bayansu, abin da kakanninsu suka rasa.

Namu aikin kuma ba sai mun jira Abuja ba. Muna ba da shawara ƙungiya ta buɗe littafi a ofishinta, duk ɗalibin da zai fita, ko karatu ko Umra ko kasuwancin hutu, ya rubuta inda za shi, da ranar komowa, da lambar wani nasa, ya bar hoton fasfonsa. In ya isa, aikinsa na farko ya nemi ofishin Nijeriya ya rubuta sunansa, ya ajiye lambarsu a takarda, domin waya ita a ke fara ƙwacewa. Kada ya ba dillali ko ubangida fasfonsa ajiya. A filin jirgi ya ƙirga kayansa, ya duba takardun da aka liƙa masa, in jaka ɗaya ya ba da aka rubuta biyu, kada ya motsa daga wurin. Masu shiga Maraɗi da Damagaram hannu rabbana kuma su sani, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba mu kwana 90 ba biza, Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka a riƙa tambayar halin da a ke ciki kafin a hau mota, a kuma riƙe takardar shaida ko da tafiyar yini ce.

Abokinmu da muka ambata a farko ya ba mu izini mu faɗa muku cewa mun taya shi rubuta takarda zuwa ma'aikatar harkokin waje da kuma hukumar mazauna ƙetare, mun haɗa da hoton ƙanen nasa da ranar da ya tashi da sunan garin da ya yi waya na ƙarshe. Yau mako uku ke nan muna jiran amsa. Duk wanda ke da irin wannan a gidansu, ya same mu a bakin ƙofa bayan an tashi, akwai kwafin takardar, sai ya sauya suna.